Fes bodi: yadda ake shirya tsohuwar mota don gaban alƙalan gasa

Ranar da aka yi rabon gadon Kawu, Allah Ya jiƙansa, babu wanda ya ja da wani a kan motar. Gida da filaye aka yi ta lissafi a kansu. Ita kuwa Peugeot 504 ɗin da ke kulle a garejin gidansa na Fagge, kuɗi kaɗan aka yi mata aka jingina ta da kason babban ɗansa. Da muka buɗe garejin, ƙura ta yi mata lulluɓi, tayoyi huɗu duk sun kwanta, zanzaro ya yi gini a bayan madubi. Haɗin Kaduna ce, ruwan madara, sabuwa ya saye ta a farkon shekarun 1980, kuma tun da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi ba a sake fito da ita ba. Ɗan nasa ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Yaya, gobe zan kira mai fenti. So nake ta koma dal, kamar ranar da Baba ya karɓo ta." Na san don girmama mahaifinsa ya faɗi haka. Duk da haka na riƙe hannunsa, na roƙe shi ya ba ni wata guda kafin wani ya kusance ta da samfefa.

Abin da na gani a jikinta shi ne abin da dillalan mota ke kira fes bodi, wato fentin kamfani da ba a taɓa maimaitawa ba. In motar shekara biyar ce, kowa ya san darajar wannan, shi ya sa za ka ga mai saye yana ƙwanƙwasa ƙofa yana neman inda aka yi fila. Amma da mota ta haura shekara arba'in sai tunaninmu ya juya, mu ga kamar abin kunya ne a gan ta da koɗaɗɗen fenti. A wurin masu tara tsofaffin motoci kuwa, nan ne darajar take. Duk mai kuɗi zai iya sa a sake wa mota fenti sau goma, amma wanda aka fesa mata a Kaduna shekara arba'in da suka wuce, in ya tafi babu kuɗin da zai dawo da shi.

Akwai gasa ta nuna tsofaffin motoci wadda alƙalai ke zagaya kowace mota da takarda a hannu suna ba ta maki. Da Faransanci ake kiran ta, Concours d'Elegance. Ta Villa d'Este da ke bakin tafkin Como a Italiya ta faro tun 1929, ta Pebble Beach a jihar Kalifoniya ta Amurka kuma tun 1950, ana yin ta kowane watan Agusta. A nan Afirka ma ana yin irinta duk shekara a filin sukuwa na Ngong a Nairobi. A wurinmu abin bai kafu kamar can ba, sai dai ma'aunin waɗannan alƙalai shi ne ke yanke darajar tsohuwar mota a duniya, ko a Bompai take ajiye ko a Sabon Gari.

Shekara da shekaru, motocin da aka wargaza har ƙusa aka sake haɗawa su ne ke cinye kofuna. Alƙali kan fara da maki 100, ya riƙa ragewa duk inda ya ga aibi, har masu gyara suka kai ga fitar da mota ta fi yadda kamfani ya yi ta sheƙi. Daga baya aka farga cewa garin neman gira ana rasa ido, domin kowace mota da aka sabunta an shafe shaidar yadda aka ƙera irinta. A 2001 Pebble Beach ta buɗe rukuni na musamman na motocin da aka adana ba a sabunta ba. A 2024 kuma, karon farko a tarihin gasar, mota daga wannan rukuni ta ɗauki babban kofi: Bugatti Type 59 ta 1934, wadda Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka. Da koɗaɗɗen fentinta da tabon tsakuwa a jikinta da tsohuwar fatar kujerunta ta doke motocin da aka kashe wa dukiya wajen gyara. Shekara huɗu kafin nan, a 2020, an sayar da ita a gwanjo a Landan sama da fam miliyan 9.

Ƙa'idoji sun bambanta daga gasa zuwa gasa, don haka karanta su shi ne farkon shiri. Ƙungiyar FIVA, ta masu tsofaffin motoci na duniya, wadda aka kafa a 1966, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi in ta kai shekara 30, an kula da ita a kan siffarta ta asali, kuma ba ita ce ta zirga-zirgar kullum ba. Ƙungiyar AACA, ta masu tsofaffin motoci a Amurka, wadda ta girme ta don tun 1935 take, daga shekara 25 take karɓa, kuma a rukuninta na motocin asali ba a gwada mota da mota, tantancewa ake yi ta fuska huɗu: jiki, ciki, inji da ƙasan mota. Waɗannan fuskoki huɗu su ne za ka tarar kusan ko'ina.

Aikin farko dai ba na sifana ba ne, na waya da biro ne. Kafin ɗigon ruwa ya taɓa motar Kawu sai da muka ɗauki hotonta ta kowace kusurwa, da ƙurarta da komai, har ƙasan bonet da cikin but. Muka rubuta lambar shasi da lambar inji da abin da ke jikin ɗan farantin kamfani, muka gwada da takardu. A aljihun dashbod muka sami littafin motar, da makulli na biyu, da tarin rasit na sabis an ɗaure da kyauro, da carbin Kawu. Tsohuwar lambarta mai KN tana jingine a bango. Duk waɗannan wani sashe ne na motar, kuma alƙali yana ba su nauyi, domin su ne ke gaskata abin da mai mota ke faɗa. Mai Marsandi ma yana da ƙarin gata, don kamfanin Mercedes-Benz yana ajiye katin bayanin motocinsa, mai nuna launin da kowace ta fito da shi da irin kujerunta. Wanda kuma ya gaji motar da ta shigo ƙasar nan kafin 2 ga Afrilu 1972, ranar da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, zai iya tarar da sitiyarinta a dama. Ya bar shi a inda yake.

Daga nan sai a tabbatar ko fentin na asali ne da gaske. Ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle ya isa ya tona asirin fila, don ba zai kama da ƙarfi a wurin ba. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai auna kaurin fenti, irin wadda wasu dillalai ke riƙewa yanzu: fentin kamfani siriri ne, kaurin silin gashi ɗaya ko biyu, inda aka maimaita kuwa sai lamba ta yi tsalle. Ido ma yana gani. A duba robar gilashi da maƙullin ƙofa ko akwai feshin fenti a kansu, a duba tambarin da ke kusurwar kowane gilashi ko duk iri ɗaya ne.

Wanki ne inda aka fi yin ɓarna, kuma a nan zan ɗan daɗe. Yanayin Kano ya yi wa tsofaffin motocinmu alheri ta gefe guda: babu gishirin da Turawa ke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, babu iskar teku irin ta Legas, don haka ƙarfe yana daɗewa bai ruɓe ba. Ta ɗaya gefen kuma ranar Afrilu mai haura digiri 40 tana dafa fenti da roba, ƙurar hunturu kuma yashi ce mai laushi. Duk wanda ya sa busasshen tsumma ya goge ƙura a jikin mota, samfefa ya yi mata bai sani ba. Da ruwa mai yawa ake fara kore ƙurar, a inuwa, ba da injin feshi mai ƙarfi ba, domin shi yana ɗaga fentin da ya riga ya saki, ya tura ruwa ta tsohuwar robar gilashi. Garin sabulun wankin kaya bai dace ba. Sabulun mota mai sauƙi ake so, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye ƙyalle, don kada yashin da aka kwaso ya koma jikin motar.

Fentin yawancin motocin wancan zamani, musamman masu launi ɗaya marar ƙyalƙyali, ba shi da rufin nan mai kama da gilashi da ke kan na motocin yanzu. Launin ne a waje kai tsaye, shi ya sa in ka goga da man goge fenti za ka ga launin motar a jikin ƙyallenka. Kowace goga tana cin wani abu daga ɗan abin da ya rage. Na ga wannan da idona shekarun baya a kan wata Marsandi ta wani dattijo a unguwarmu, wadda ni na ba da shawarar a kai ta wurin wani mai wankin mota ya fito da haskenta. Ya ɗora mata injin goge fenti, cikin awa ɗaya gefen bonet da kan ƙofofi suka cinye har farar shimfiɗar ƙasa ta bayyana. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa a motar Kawu da hannu muka yi, muka fara gwaji a ɗan wuri a ƙasan but, da man da ya fi kowanne laushi, muka kauce wa gefuna da kusurwoyi inda fenti ya fi siranta. Inda haske ya dawo muka gode wa Allah, inda bai dawo ba, kamar rufin sama, muka shafa kakin mota don kariya muka bar shi. Bamba da sauran ƙarafa masu ƙyalli ma haka: ba soson ƙarfe, ba toka.

Cikin mota bai buƙaci dogon bayani ba. A zuƙe ƙura a hankali, a goge da ƙyalle mai ɗan damshi. Ɗinkin kujera da ya farke a mayar da shi ta ramukan allurar farko, kada a ba mai kushin ya yaye ya sa sabo. Dashbod da ya tsage a bar shi da tsagarsa, kuma a raba shi da man feshin nan mai sa sheƙi, wanda ke jawo ƙura ya ba roba hasken da ba nata ba. Abu guda da ba a yi masa sassauci shi ne aikin ɓera. A ɗaga kujerar baya da kafet, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin wayar da ɓera ya ɓare gobara ce ke jira.

Ƙasan bonet kuwa alƙalai sun fi daɗewa a kansa fiye da ko'ina, don nan ne hannun ma'aikatan kamfani ya fi barin alama: ɗigon fenti a kan noti da ke nuna an ɗaure shi, rubutun alli ko na kaki, 'yan takardun da aka manna masu faɗin irin mai da iskar taya, da launin zinariya-zinariya a jikin maɗaurai. Wankin inji irin namu na kananzir da injin feshi yana share duk wannan cikin minti goma. Mu da buroshin haƙori da auduga muka yi, kwana huɗu. A ƙasashen waje suna amfani da busasshiyar ƙanƙara ta iskar kabon, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri, wadda ke ɗaga datti ba tare da ruwa ba, amma ita ma a hannun mai gaggawa tana tafiya da takardun.

Maganar tayar da inji, wani tsohon bakanike na Ƙofar Ruwa muka ɗauko, wanda tun yana yaro a kan Fijo ya koyi aiki. Ɗan Kawu ya zo da sabon batir yana ɗoki. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, ajiye makullin nan. Motar da ta yi wannan barci ba a tashin ta da tsawa." Ya cire fulogi huɗu, ya ɗiga mai a kowane rami, ya ce a bar ta kwana uku. Da ya dawo, da sifana ya juya injin a hankali yana kasa kunne. Sannan aka sauke tanki, domin fetur in ya shekara da shekaru yakan zama kamar ƙaro ya toshe kafireto. Aka zubar da baƙin mai, aka wanke lagireto, aka canza man birki, wanda yake tsotsar ruwa daga iska ya sa tsatsa ta ci birki ta ciki. Ya kuma hana yaransa hure ƙurar birki da iska, don tsofaffin takalman birki da yawa suna da asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu.

A nan ne mutane ke rikicewa, su ce to in ana canza kaya ina asalin yake? Alƙalai sun san akwai abubuwan da dama don su ƙare aka yi su: batir, fanbel, tiyo, fulogi, taya, mai. Babu mai hankalin da zai ce ka hau titi da tiyon birki mai shekara arba'in. Abin da ake so shi ne a sa wanda ya yi kama da na asali a siffa da girma, a bar abin da za a iya gyarawa a gyara shi maimakon musanya shi, kamar kafireto da janareta da famfon ruwa, sannan duk abin da aka cire a ajiye. Kanikawanmu sun saba jefa tsohon kaya a gefe 'yan gwangwan su kwashe, don haka sai ka tsaya a kai. Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe: lamba huɗu tun daga shekarar 2000, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, lamba uku kuwa alamar ta girmi 2000. Irin wannan ba ta hawa ba ce. Mun sa sababbi masu girman na asali, amma safayar da ke ƙasan but muka bar ta, domin shaida ce, balle a ƙasar da Michelin ke da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja, kafin duk su daina yin taya a nan.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta tabo. Motar Kawu tana da ƙarce mai tsawon kamu ɗaya a ƙofar baya ta hagu, kuma maganaɗisu ya nuna an taɓa gyara fuka-fukin gaba na dama tun da daɗewa, launinsa ya ɗan fi na saura duhu. A gilashin baya akwai koɗaɗɗiyar takardar Ayatul Kursiyyu da Kawu ya manna. Ɗan nasa ya yarda a bar komai, amma ƙarcen nan ya tsaya masa a rai. Kundin Turin na ƙa'idojin adana tsofaffin motoci, wanda FIVA ta fara aiki da shi ranar 29 ga Janairu 2013, ya yi magana a kan irin wannan: canje-canjen da suka sami mota a zamanin da take aiki suna cikin tarihinta, ba dole ne a mayar da ita ranar da ta bar kamfani ba, kuma duk abin da za a yi mata a rubuta shi, a fifita wanda za a iya warwarewa. Ita kanta Bugatti ɗin da ta ci kofi, baƙin fentin da ke jikinta na zamanin Sarki Leopold ne, ba wanda ta yi tsere da shi a 1934 ba. Mu Kanawa ma muna da misalin da ya fi wannan kusa da zuciya. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan a gidan tarihi na ƙasa a Legas da ramukan harsashinta. Wa zai yarda a cike su da fila a fesa fenti?

Ra'ayina a nan shi ne a raba tabo gida biyu, wanda ya tsaya da wanda yake ci. Ƙarce da loɓawa da koɗewa sun tsaya, ba za su ƙaru ba in an kula. Tsatsa kuwa ci take yi, kuma barin ta da sunan adana tarihi sakaci ne. Mun same ta a ƙasan but, inda ruwan damina ya riƙa shiga ta robar da ta bushe, da kuma ƙarƙashin mazaunin batir. Muka kankare ta a hankali iya inda take, muka sa maganin da ke tsayar da ita, muka rufe da kaki, muka ɗauki hoto kafin da bayan. Ƙarcen ƙofa kuma, da aka tambayi Hajiya matar Kawu, sai ta ce ai ranar sunan autarsu ne ragon suna ya kufce ya goga ƙahonsa. Tun daga ranar ɗan nasa bai sake maganar fenti ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin gasa ake fara fita da mota gajerun tafiye-tafiye, da sassafe kafin titi ya cika, ana duba zafi da ɗiga da birki. Alƙalai za su ce a tayar da ita a gabansu, a kunna fitila da sigina da waifa, a danna hon, kuma a Pebble Beach motar da ta kammala zagayen da ake yi a kan titi kafin ranar gasa ita ake fifitawa in maki ya zo ɗaya. A tafi da jak da sifanonin da ta zo da su, da fayil ɗin takardu da hotuna. In alƙali ya tambaya, a faɗa masa gaskiya: wannan fuka-fuki an taɓa gyara shi, wannan tiyo sabo ne, ga tsohon. Sabon kaya da aka shafa wa datti don ya yi kama da tsoho, su da suka shekara suna wannan aiki kallo ɗaya suke yi masa, kuma da sun kama ɗaya sai su daina yarda da sauran motar.

Watan da na roƙa ya zama wata biyar. Yanzu motar tana garejin Fagge, an gyara rufin kwanon da ke yoyo, an toshe ramukan ɓera, an rufe ta da farin yadin auduga maimakon tamfol mai riƙe zafi. A gefenta akwai kwali uku na tsofaffin kayanta, kowanne da takarda a ɗaure an rubuta inda aka cire shi da ranar. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗan Kawu yana fito da ita, ya ɗauki Hajiya a kujerar baya, su bi ta Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Nasarawa su dawo kafin la'asar.